Mai Juya Mota Kafin Sallama

Gara in faɗa tun da wuri, ban iya rubuta kuka ba. Na taɓa gwadawa, maiɗakina ta karanta ta ce kamar ina ba da labarin mura. Saboda haka duk inda na ce Ramlat ta yi hawaye, ku ninka da kanku, don ita kam ta yi, kuma da dalilinta.

Dalilin shi ne Baba ya ce a'a.

Baba, wato Malam Sabo, manomi ne a Tudun Ƙanya, wani ƙauye can bayan Bici inda gona ke manne da gona, babu ko wurin ɗaure jaki a tsakani. Ramlat 'yarsa ce, malama a firamaren garin, ta kai shekarun da mata a gidan biki ke tambayarta "ke kuma sai yaushe?" suna murmushi. Wanda take so ba ƙaramin mutum ba ne, kuma abin da ya ɓata lamarin ke nan. Onarabul Zubair ne, ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinsu.

Kafin majalisa ɗan kwana-kwana ne. Tun yana saurayi ya shiga aikin kashe gobara, ya yi ta shiga hayaƙi yana fitowa, ya ciro akuya daga rijiya, wani lokacin ya koma ya ciro mai akuyar. A haka furfura ta fara tarar da shi, a haka matarsa ta rasu. Ranar da wata kasuwar hatsi ta kama da wuta, shi ya fito da wata tsohuwa a kafaɗa, wani ya ɗauka a waya, kafin mako ya zagayo an san fuskarsa har Rimin Gado. Da zaɓe ya ƙarato 'yan jam'iyya suka liƙa hotonsa da hular kwano a jikin kowace bishiya. Ya ci. Ya aje hular ya ɗauki babbar riga, amma akwai abubuwan da ba su yarda sun zauna tare da hular ba.

Gwaggo Larai ce ta fara gano su. Ƙanwar Baba ce, ta dawo gida tun da gonar mijinta ta Ungogo ta zama layin shaguna da gidajen haya, kuma tun daga lokacin ba ta ƙara yarda da mutum mai tsaftataccen takalmi ba.

"Ke kin lura da motarsa?" ta tambayi Ramlat, tana tsince wake ba ta ɗago ba.

"Me ta yi, Gwaggo?"

"Kafin ya yi sallama sai ya juya ta, hancinta na kallon hanya. Takalmansa ma haka yake aje su a bakin zaure, suna kallon waje. Mutumin da ya shirya tafiya tun bai zauna ba, ki gaya min me ya zo yi."

"Halin aikinsu ne, Gwaggo. Don in an kira su..."

"Wa zai kira shi? Gobara ta san lambar ɗan majalisa?" Ta watsar da tsakuwa. "To, taka lungun da yake yi fa? Da idona na gan shi, ya buɗe hannuwa daga wannan katanga zuwa waccan, leɓensa na motsi. A Ungogo ma da haka aka fara. Wani ya zo yana taka ƙasa yana motsa leɓe, muka ba shi fura."

Akwai abin da Gwaggo ba ta kawo ba tukuna, kuma Ramlat ta san ta ji shi, tunda duk ranar zance Gwaggo kan sami aikin shara a bayan zaure. Sauran samari in sun zo suna cewa sun kasa barci. Shi Zubair, da ya gama gaisuwa sai ya gyara zama ya ce, "Malama, ina madafarku take? Tsakaninta da rumbu akwai nisa? Randunan ruwa fa, ta wane ɓangare?" Ita kuma sai ta faɗa, tana jin daɗi wai yana son sanin inda take wuni.

Yanzu, da Gwaggo ta zuba mata ido, daɗin ya fara tsami.

Wanda ya ƙarasa ɗora tukunyar shi ne Alhaji Talle, dillalin shanu, wanda ya daɗe yana aiko wa Ramlat gaisuwa ita kuma tana mayar masa da "ina amsawa" busasshiya. Bana shi ya ara wa Baba shanun huɗa, saboda haka yana da tabarma a ƙofar gida. Ramlat na ɗauko buta a zaure ta ji shi.

"Malam, ni sana'ata kallo ce. In na zagaya sa sau biyu ina duba ƙafafunsa, ba gaisuwa nake yi ba, saye zan yi. Wannan bawan Allah sau nawa ya zagaya gonarka?"

"Ya ce yana duba hanya ne," in ji Baba.

"Hanya! Ai da hanya suke shigowa. Yau hanya, gobe filoti. In ya zama suruki, da wane baki za ka ce masa a'a?"

Da yamma Baba ya aika a kira ta.

Ta durƙusa a gefen buzunsa, kanta a ƙasa. Yana gyaran igiyar ɗaurin gero, don kaka ta yi, an fara yanka.

"Ramlatu."

"Na'am, Baba."

"Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba. Ban yi wa yayyenki ba, ba zan fara da ke ba. Alhaji Talle in ba kya so, shi ke nan, na biya shi ladan shanunsa da dawa. Amma wannan mai juya motar, da yawuna ba za ki aure shi ba."

"Baba, me ya yi?"

"Bai yi komai ba tukuna. Abin da ya sa nake tsoronsa ke nan."

"Wallahi Baba ba shi da mugun hali. Mutane ya yi ta cirowa daga wuta. Har tabo gare shi a hannu."

"Wancan mai hular kwano ne. Shi na ba ƙuri'ata, kuma ban yi nadama ba. Wannan mai babbar rigar ban san shi ba." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Gonar nan kakana ya sare ta. A cikinta aka ci aka yi miki kuɗin makarantar Bici. Ita kaɗai ce abin da zan bar wa 'yan'uwanki. In ta tafi, sai dai su koma tuƙa adaidaita."

A nan hawayen suka zo. Ku ninka.

"Baba, in ya rantse fa?"

"Ai da rantsuwa suke kama aiki."

Ta yi ta kuka har gefen mayafinta ya jiƙe. Baba ba mai son ganin haka ba ne, ya kau da kai yana kallon kaji.

"Ki ce ya zo ran Juma'a bayan an sauko. Shi da kansa. Ba na son wakili, na ga abin da wakilci yake mai da mutum. In ya gamsar da ni, to. In bai gamsar da ni ba, kada motarsa ta ƙara juyawa a ƙofar gidana."

Ranar Laraba bayan la'asar Zubair ya zo. Ramlat na leƙe ta kafar ƙyaure: ya wuce ƙofar, ya yi baya, ya karya kan motar, ya daidaita ta tana kallon titin Bici. Ya cire takalma ya juya su da ɗan yatsan ƙafa, ko dubawa bai yi ba.

"Malama, lafiya? Idonki ya yi ja. Hayaƙin madafa ne? Na ce miki a buɗe mata taga ta sama."

"Ranka ya daɗe, tambaya zan yi. Don Allah kada ka ba ni amsar rediyo."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya haɗiye sauran.

"Ni kake so, ko gonar Baba?"

"Subhanallahi. Wa ya..."

"Kowa. Gwaggo, Baba, har ni. Ka taka lungunmu. Ka zagaya gona. Ka san inda randunanmu suke, amma ba ka taɓa tambayata wane launi nake so ba. In wani abu kake nema ka faɗa min tun yanzu, in san irin kukan da zan yi. Na gaji da kare ka a gida alhali ni kaina ban san abin da nake karewa ba."

Ya daɗe yana kallon tabon bayan hannunsa.

"Farkon shigata aiki," ya ce, "aka kira mu wani ƙauye kamar wannan. Lokacin kaka, an jingina kara a jikin kowace katanga. Mun iso da wuri, tanki cike. Sai lungu ya ƙi. Motar ta maƙale tsakanin bango biyu, ba gaba ba baya. Muka ja tiyo, bai kai ba. Ina tsaye da shi a hannu, ruwa na zuba a ƙasa, ina kallon rumbunan mutane suna ci ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya zo ya tsaya kusa da ni, bai zage ni ba. Cewa ya yi, sannu da zuwa."

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun ranar ban ƙara shiga lungu ban auna shi ba. Ko a majalisa, kujerata ce ta bakin ƙofa, har tsiya suke min. Ban taɓa ƙwallafa rai a gonar Baba ba, Allah ne shaida. Ni burina wata rana motar kashe gobara ta shigo garin nan, ta zo har ƙofar gidanku ba ta goge bango ba."

"Don me gidanmu?"

"Don kina ciki."

A bayan zaure tsintsiya ta tsaya, sannan ta ci gaba da ƙarfi.

Ramlat ta share ido. Ta yarda da shi har ya tashi. Da ta ga yadda ƙafarsa ta faɗa cikin takalmi ba tare da ya sunkuya ba, motar ta fice ba ko ja da baya, sai rabin yardar ya bi ƙurar.

"Wane launi kike so?" ya turo mata a waya daga baya. Ba ta amsa ba.

Juma'a ta zo. Washegari za a fara kawo dammunan gero daga gona, saboda haka Baba ya ba da umarni tun safe a turara babban rumbu. Haka ake yi duk shekara kafin a zuba sabon hatsi: a sauke jinkar, a zuba kara da ɗanyen ganyen darbejiya a cikin rumbun, a sa wuta, hayaƙi da zafi su kashe ƙwarin bara. Rumbun ƙasa ne, mahaifin Baba ya gina shi da hannunsa, cikinsa ya fi na Alhaji Talle faɗi. Gwaggo Larai ta ce ba za a kunna ba sai an sauko daga masallaci, kuma Ramlat ce za ta miƙo mata ganye, don kada ta je ta laɓe a zaure. Laɓe aikin manya ne.

Duk da haka katanga ba ta hana ji ba. An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ramlat ta ji sallamar Zubair, ta ji tarin Alhaji Talle, wanda ya ce wucewa yake yi ya ga inuwa.

"Onarabul," in ji Baba, "ni ba ɗan boko ba ne, tambayata gajeriya ce. Me ka gani a gonata?"

"Baba, da farko ina so in yi amfani da wannan dama..."

"An fara," in ji Alhaji Talle. "Malam, ka gyara zama, sai la'asar."

"...in gode maka bisa karɓar da..."

Gwaggo ta cusa garwashi ta bakin rumbun. Karan ya kama, ɗanyen ganye ya danne shi, hayaƙi fari mai kauri ya murɗe ya yi sama, ya haye katanga.

Maganar Zubair ta yanke a tsakiya.

Abin da Ramlat ta gani bayan haka, har ta tsufa ba za ta manta ba. Labulen buhu na ƙofar tsakar gida, inda baligi baƙo bai taɓa wucewa ba, ya yi sama. Onarabul ya faɗo ciki babu sallama, babu takalmi, ya tattare farar shadda a kafaɗa.

"Mata ku fita! Ku ɗauki yara! Kada wadda ta koma ɗauko kaya!"

Inna, mahaifiyar Ramlat, ta saki muciya ta ruga ɗaki neman mayafi. Gwaggo ta buɗe baki, a karon farko a rayuwarta babu abin da ya fito.

Bai waiwaya ba, bai nemi komai ba. Ya karya hagu, ya bi bayan madafa, kai tsaye wurin randuna kamar a gidan aka yanke masa cibi. Ya cika bokiti biyu, ya taka turmi, ya juye su ta bakin rumbun. Ya koma. Ya dawo.

"Ranka ya daɗe, tsaya!" Ramlat ta yi ihu. "Turara ake yi!"

"Malama, matsa baya!"

A bokiti na ƙarshe rumbun ya yi wata ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ƙasa mai zafi ta sha ruwan sanyi. Tsaga ta taso daga gindi har wuya, cikin ya buɗe, baƙin ruwa da toka suka kwararo a kan ƙafafun ɗan majalisa.

Ya tsaya yana haki. "Alhamdulillahi," ya ce. "An shawo kanta."

Ba wanda ya taya shi.

Baba ya shigo a hankali, hannuwa a baya. Alhaji Talle ya tsaya a bakin labule, don shi ya san iyakarsa, kafaɗunsa sai rawa suke yi don dariya.

Gwaggo ce ta fara dawowa hayyacinta. "Kun gani! Yaya, ka gani da idonka! Bai ko yi laluɓe ba. Ya san randa, ya san turmi, ya san madafa. An zana masa gidan nan kaf!"

Baba ya dubi rumbun, ya daɗe. Ya kai hannu ya shafa tsagar.

"Wa ya gaya maka inda randunana suke?"

Zubair ya buɗe baki. Ramlat ta riga shi, ta zube a kan gwiwoyinta cikin caɓalin.

"Ni ce, Baba."

"Ya tambaye ki."

"E, Baba."

"Kika faɗa."

"Na faɗa. Ka yafe min." Sauran maganar kuka ya cinye. Wannan karon ku ninka sau biyu, don ta riga ta ga ƙarshen komai: ya keta gida, ya kori Inna, ya fasa abin da kakanta ya bari, kuma da bakinta ta nuna masa hanya.

Baba ya juya ga Zubair. "Onarabul, a gidanku ba a turara rumbu?"

"Turara?" Ya dubi ganyen darbejiya da ke yawo a kan ruwa. Fuskarsa ta sauka. "Baba, a birni na tashi. A buhu muke sayen hatsi."

"Kuma manoma kake wakilta."

"E, Baba."

"Allah ya kyauta."

"Malam," in ji Alhaji Talle daga bakin labule, "ai magana ta ƙare. Mu da muka sani, tun daga warin ganyen..."

"Ta ƙare, Alhaji." Baba bai waiwaya ba. Ya ƙare wa Zubair kallo tun daga hular da ta karkace har shaddar da ta zama tsumman goge allo. "Na zauna da masu neman gona. Lallaɓawa suke yi. Su yaba maka kaji, su tambayi ciwon ƙafarka. Wannan, ranar da ya zo neman 'yata, ya faɗo min gida ba sallama, ya daka wa matata tsawa, ya fasa rumbun ubana. Mai wayo ba ya haka."

"Yaya!" in ji Gwaggo.

"Larai, na fi ƙarfin zama da mai wayo, na tsufa. Wannan zan iya." Ya nuna Zubair da haɓa. "Ka turo manyanka. Amma rumbu kai za ka gina shi, da hannunka. In na ga ɗan kwangila a ƙofar nan, na fasa."

Zubair ya durƙusa cikin tokar. "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Tashi ka fita daga cikin matan mutane."

Alhaji Talle ya ce ya tuna yana da ciniki a kasuwar shanu. Ramlat ta kasa tashi, tana dariya tana kuka, Inna na leƙowa ta taga tana tambaya ko an kashe wutar.

Gwaggo Larai kaɗai ba ta motsa ba. Ta bi bayan Zubair da kallo har ya fice.

"Ni dai," ta ce, "har yanzu motar hanya take kallo."

Ya cika alkawari, a ba shi wannan. Duk ranar da majalisa ba ta zama sai ga shi da gajeren wando yana cuɗa ƙasa da ƙafa, Baba na zaune a inuwa yana gaya masa bai iya ba. Geron bana a ɗakin Gwaggo aka jibge shi, ta koma kwana a gefen dammuna tana mita. Rumbun ya tashi a karkace, amma ya tashi. Manya suka zo, aka sa rana bayan an gama sussuka. Ramlat ta amsa masa saƙon nan da ta bari: ruwan ƙasa take so. Ta daina leƙen yadda yake aje mota. Har ta fara jin kunyar zargin da ta yi wa bawan Allah, ta ce wa Gwaggo ya kamata su nemi gafararsa.

Ranar Litinin da safe, tana kan hanyar makaranta da littattafan yara a hannu, ta ga wasu mutane a bakin gonar Baba da na'ura mai ƙafa uku. Sun kafa turaku masu jan fenti a jere, sun taso daga titin Bici, sun ratsa tsakiyar gonar ta inda gero ya fi yin kyau, sun miƙe sak har ƙofar gidansu.

Sabon titi ne, mai faɗin da motar kashe gobara za ta wuce ba ta goge bango ba. Onarabul Zubair ne ya gabatar da ƙudurinsa a majalisa, tun kafin ya fara zuwa zance.